Allon akwatin gem mai juyawa da kansa: wane moto ya dace?

Ɗan_Gwammaja

Assalamu alaikum jama'a. Ina haɗa akwatin gem irin na tsaye, mai sanda da maɓallai, da filawud mai kaurin milimita 18. A ciki tsohuwar kwamfutar tebur ce mai Windows da MAME, manhajar da ke kunna tsofaffin gem irin na akwati. Allon kuwa monita ce ta hannu, inci 19, mai 1280 da 1024, tana da VGA da DVI. Na cire mata ƙafa na auna ta: faɗi santimita 41, tsayi 34, nauyi ya ɗan haura kilo 4.

Ga damuwata. Street Fighter II da Metal Slug a kwance aka yi su, amma Pac-Man da Galaga da 1942 a tsaye suke. In na kunna na tsayen a allo kwance sai hoton ya tsuke a tsakiya, baƙi dama baƙi hagu. Ina so allon ya riƙa juyawa digiri 90 da kansa in an zaɓi gem na tsaye, ya koma in an fita. Faɗin cikin akwatin santimita 52 ne, an yanka allunan amma ba a manna ba tukuna. A hannuna akwai injin wayfa na mota, da Arduino Nano, ƙaramin allon lantarki da ake loda wa umarni, da L298N mai sarrafa wutar moto. Za su isa? Yara ma za su riƙa wasa da shi, don haka ina so ya zama ba hatsari. Allah Ya saka da alheri.

Kafintan_Na'ibawa

Wa alaikumus salam. Ƙanena, ajiye maganar moto tukuna, domin a yadda ka yanka katakon nan allon ba zai juya ba ko da hannu. Abu in yana juyawa, wurin da yake ci shi ne tsawonsa daga kusurwa zuwa kusurwa, ba faɗinsa ba. Monita mai 41 da 34, in ka ja tef daga kusurwar sama ta hagu zuwa ta ƙasa ta dama za ka samu 53.3. Akwatinka 52. Tun kafin ta kai rabin hanya za ta ci karo da bango.

Wasu za su ce ka ɓare mata robar jiki. Gilashin inci 19 da ƙarfensa yawanci 39.6 ne da 32.4, kusurwa zuwa kusurwa 51.2, wato milimita 4 kacal a kowane gefe. Ban yarda da wannan ba. Filawud yana ɗan kumbura da damina, milimita 4 ba komai ba ce. Tunda ba ka manna ba, sake yanka allunan da ke tsakani, cikin ya zama 58. Asarar rabin falle ce, ta fi asarar monita sauƙi. In ɗakin ba zai ɗauka ba, koma inci 17. Kada ka yi sha'awar mai faɗin nan ta inci 24, sai akwatin ya kai wajen 65 kafin ta juya, kuma tsofaffin gem ɗin ba za su cika ta ba.

Sai faifan da za a ɗaura monitar a kai. Yanka da'ira mai faɗin santimita 55 daga filawud ɗin 18. Kada ka yi da MDF, katakon nan na garin itace da aka matse, sukuru yana kwancewa a jikinsa, laima kuma tana lalata bakinsa. A buga ƙusa a tsakiya, a ɗaura injin yanka a kan siririn katako ya zagaya ta, a bi da samfefa. Bakin nan sai ya fita sumul, domin a kansa tayar moto za ta bi.

Bayan monitar akwai ramuka huɗu na ɗaura ta da ake kira VESA, tazarar santimita 10 da 10, masu cin sukuru M4. Abu biyu a nan. Na farko, ramukan ba lallai su kasance daidai tsakiyar hoton ba, sau da yawa sun ɗan sauka ko sun hau. Tsakiyar faifai dole ta faɗa a tsakiyar hoton da ido ke gani, in ba haka ba a kwance ya zauna daidai, a tsaye ya karkata gefe guda. Ja zare biyu daga kusurwoyin gilashin, inda suka haɗu nan ce tsakiya, ka mayar da awon baya. Na biyu, tsawon sukuru. Ramin ba ya wuce milimita 10 a zurfi, bayansa kuma allon lantarki ne. Da filawud 18 da washa, M4 mai tsawon 25 ya isa. Mai 40 zai huda abin da ba a gyarawa.

Boris shi ne ran aikin. Akwai mai faɗin nan da ake sa wa tebur mai juyawa, yana da araha, amma don kwanciya aka yi shi. In ka jingina shi a tsaye sai ya riƙa lilo yana ƙara. Nemi boris UCF205 guda biyu, masu gida mai kusurwa huɗu, ramin milimita 25. Haɗa filawud biyu su zama 36, ka ɗaura boris ɗaya a gaba ɗaya a baya, sandar ƙarfe mai 25 ta ratsa su. A kan sandar mai walda ya liƙa farantin ƙarfe 15 da 15, kauri milimita 4, shi zai riƙe faifan. Ka tsaya a kansa ya sa sukwaya, ya ɗiga walda kaɗan kaɗan ta ɓangarori huɗu kafin ya cike, domin zafi yana jan faranti. Karkatar digiri ɗaya tak a wurin tana zama kusan milimita 5 a bakin faifai, kuma za ka ga yana rawa kamar tayar keke da ta lanƙwashe. Wata hanyar ita ce hob ɗin tayar baya na ƙaramar mota, irin mai noti huɗu, a Ƙofar Ruwa ana samu. Yana da nauyi amma ba ya lilo ko kaɗan.

In ka ɗaura komai, juya da hannu ka saki a digiri 20, a 45, a 70. In ya tsaya inda ka bar shi, madalla. In yana gangarawa, ɗaura washa manya ko guntun ƙarfe a ɓangaren da ke hawa sama har sai ya daina. Faifan da aka yi wa balas yatsa ɗaya ke juya shi, sannan ne za ka san ƙaramin moto ma ya wadatar.

Mai_Rewaya

Oga kafinta ya gama magana a kan katako. Ni a kan moton zan tsaya.

Injin wayfa zai yi, amma akwai tarko a jikinsa. Yawancinsu wayar nagetif a haɗe take da gangar jikin ƙarfen, saboda a mota bodi ne ke mayar da wuta. Kai kuma juya wuta za ka riƙa yi gaba da baya, to duk lokacin da ka juya, gangar jikin ta zama 12V. In ta taɓa wani ƙarfe da ke haɗe da nagetif, shot ne nan take. Sa mita tsakanin kowace waya da gangar jiki ka gani. In a haɗe suke, ko dai a buɗe a raba, ko a ɗaura shi a kan katako zalla ba ya taɓa komai. Wayoyin da ke mayar da wayfa mazauninta kuma ka naɗe su da tef, ba ruwanka da su.

Da ni ne, injin gilashin ƙofar mota zan saya. Waya biyu ce kawai, dama can don gaba da baya aka yi shi, ya fi ƙanƙanta, kuma giyarsa irin mai kama da sukuru ce, in an yanke wuta yana riƙe abu a inda yake. Wajen masu kayan mota na hannu a Ƙofar Ruwa ka sa a gwada maka shi da batir, ta kowane ɓangare, ka saurara ko yana ƙarar haƙori.

Kada ka haɗa shi kai tsaye da sandar tsakiya. Irin waɗannan suna yin wajen zagaye 60 a minti, wato kwata ɗin da kake so zai ƙare cikin kwatan daƙiƙa, ya maka monita da ƙarfi. Sa masa ƙaramar tayar roba mai faɗin santimita 4 ta riƙa gogar bakin faifai. 55 a raba da 4 ya ba da kusan 14, saurin ya sauko zuwa zagaye 4 da ɗan kai a minti, digiri 90 cikin daƙiƙa uku da rabi. Shi ne daidai. Kowane inji da nasa saurin, don haka sa masa alamar alli ka ƙirga na minti ɗaya kafin ka zaɓi taya. Moton kuma kada ka kafe shi. Ɗaura shi a kan guntun katako mai hinji, sifirin burkin babur ya riƙa jan sa yana danna tayar a jikin faifai.

L298N ɗinka ajiye shi don wani aikin. Iyakarsa 2A a kowane layi, yana kuma cinye wajen 2V ya mayar zafi. Injin gilashi yana jan 2A zuwa 5A yana tafiya, in ya cije ya haura 10A. Nemi BTS7960, shi ma mai sarrafa wutar moto ne, wanda ake rubuta wa 43A. Wutar moto ta zama daban, 12V mai 10A, da fis na mota mai 10A a kan wayar fozitif kusa da tushe. Tsohuwar fawa ta kwamfuta ma ta yi: haɗa koriyar waya da baƙa ta tashi, rawaya ita ce 12V. Kada dai ka ja daga fawar da ke riƙe da kwamfutar gem ɗin, fizgar tashin moto tana iya sa ta sake kunna kanta.

In ba ka son Arduino gaba ɗaya, akwai tsohuwar hanya. Makunni mai ƙafa shida da ke juya wuta, da ƙananan makunnai biyu irin na cikin maɓallin gem a ƙarshen tafiya, a jere a kan wayar moto ta ƙafar NC, wadda take haɗe har sai an danna makunni. A kan kowanne ka gicciya dayod 6A10, ɗaya yana kallon gaba ɗaya baya. Faifai ya danna makunni, wuta ta yanke. Ka juya wutar, ta bi ta dayod ɗin har faifan ya saki makunnin. Yana aiki shekara da shekaru, illarsa dai tashi da fizga da tsayawa da fizga.

Kafintan_Na'ibawa

Malam mai rewaya, tayar roba a kan katako tsirara ba za ta kai ƙarshen hunturu ba. Ƙurar Kano in ta kwanta a bakin faifan sai tayar ta riƙa sulɓi. A yanka tsohon tub na keke a tsaye, a manna shi da gam a zagayen bakin, ta inda tayar ke bi kaɗai, wajen santimita 45 da ɗan ƙari. Roba kan roba ta fi kamawa. Ko kuma a yi da sarƙa a huta.

Injiniyan_Sharaɗa

Tub ɗin na yarda da shi, sarƙa kuwa a'a. Mai tambaya ya ce akwai yara. Sulɓin tayar nan shi ne kariyarsa: in waya ta maƙale ko hannu ya shiga, taya ta zame, ba abin da ya karye. Sarƙa ba ta san wannan ba. A daidaita sifirin yadda faifan zai juya ba gardama, amma in ka riƙe shi da hannu ɗaya ya tsaya. Gaba kuma a rufe da gilashi mai milimita 5, mai ɗan duhu, a bayansa allo baƙi mai rami zagayayye, yadda ba kusurwar monita da za ta fito inda yatsa zai kai.

Abin da mutane suka fi kuskurewa shi ne tsayawa. Kada ka bar wa moto ko lissafin lokaci su yanke inda allo zai tsaya. Ƙarfin wuta yana canzawa, giris yana yin tauri da sanyin asuba, yau daƙiƙa uku gobe huɗu. Karkatar digiri ɗaya a hoto mai faɗin santimita 37.6 tana sa gefe ɗaya ya fi ɗaya da milimita 6 da rabi, ido yana gani sarai. Sa guntun katako a bayan faifai, da tokara biyu a jikin allon da ke riƙe da boris, kowace noti ce M8 mai goro biyu da roba a kanta. Da su za ka saita kwance da tsaye da ma'aunin magina mai ruwa, ka ɗaure. Makunnin ƙarshe ya kasance faifai yana danna shi saura kamar milimita 3 ya taɓa tokara.

Haɗin Arduino: ƙafafun RPWM da LPWM na BTS7960 zuwa fil 9 da 10 na Arduino, R_EN da L_EN zuwa 5V, nagetif ɗin Arduino da na BTS7960 a haɗe. Makunnai biyu zuwa fil 2 da 3 da INPUT_PULLUP, ta ƙafar NC zuwa nagetif. Dalilin NC shi ne in waya ta tsinke, Arduino zai ɗauka an iso, ya ƙi tada moto. Da NO kuwa, ƙafar da take buɗe har sai an danna, waya ta tsinke moto ya yi ta turawa.

Tsarin umarnin kuma haka. Fara da PWM, wato lambar ƙarfin wutar da ke zuwa moto, a 80, ka hau zuwa 200 cikin rabin daƙiƙa. Bayan daƙiƙa biyu da rabi sauko zuwa wajen 110, ya lallaɓa. Makunni ya danna, ci gaba da turawa a hankali na kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa don ya zauna a kan tokara, sannan ka yanke. In daƙiƙa 7 ta wuce makunni bai danna ba, yanke wuta, kada ya sake motsi sai an ba shi sabon umarni. Kuma kada ka juya moto baya yana cikin gudu, tsayar da shi na kusan rabin daƙiƙa tukuna. Lambobin nan mafari ne, in 110 ya kasa motsa shi ka ƙara.

In an ɗauke wuta yana tsakiyar hanya fa? Shi ya sa duk lokacin da Arduino ya tashi, abu na farko ya duba makunnan. In ba wanda ke danne, ya koma kwance a hankali.

Ƙarar siririya da za ka ji daga moto ta PWM ce, fil 9 da 10 suna bugawa sau 490 a daƙiƙa, ba lalacewa ba ce. Amma tartsatsin burushin moto yana iya ruɗa makunnan, don haka liƙa kafasita 100nF, mai lamba 104, a kan ƙafafun moton, ka murɗe wayoyinsa biyu tare, kada su bi hanya ɗaya da na makunnai.

Wayar hoto da ta wuta: juya faifan zuwa digiri 45, a nan ka ɗaure su a jikinsa kusa da tsakiya, ka bar musu lanƙwasa mai sako-sako ta santimita 35 zuwa 40 kafin ɗauri na biyu a jikin akwati. Haka kowane ɓangare rabin murɗa kawai suke sha. Jan ya tsaya a kan ɗaurin, kada ya kai ga bakin VGA. Sannan zafi. Ramukan iskar monita sama da ƙasa suke, in ta tsaya sun koma gefe, ga akwati a rufe, ga bazarar Kano da ke haura digiri 40 a Afrilu. Sa fanka mai santimita 12 a saman bayan akwatin tana fitar da iska, da ramin shiga a ƙasa mai raga da soso saboda ƙura.

Ɗan_Gwammaja

Na gode ƙwarai, manyana. Zan faɗaɗa zuwa 58. Saura biyu: jak ɗin tsohon dish zai iya maye gurbin moto? Kuma ta yaya kwamfuta za ta san gem na tsaye ne?

Injiniyan_Sharaɗa

Jak ɗin dish na 36V ne, ya yi tsawo, a 12V kuma tafiyar hawainiya zai yi. Akwai ƙananan irinsa na 12V. Lissafinsu: nisan inda za ka ɗaura shi daga tsakiyar faifai shi ne tsawon tafiyarsa a raba da 1.414. Mai tafiyar santimita 15, a 10.6 ke nan. Yana da makunnan ƙarshe a cikinsa, amma ba ya sulɓi, abin da ya samu a hanya sai ya murƙushe shi. A gidan yara tsaya a kan tayarka.

'Yar_Kabuga

Sannunku da aiki. Malam Ɗan Gwammaja, MAME ya riga ya san kowane gem. Buga mame -listxml ka tura sakamakon cikin fayil. A layin display na kowane gem akwai rotate: 0 ko 180 na kwance ne, 90 ko 270 na tsaye. Pac-Man 90 ne, 1942 kuma 270. Tsamo gajerun sunayen na tsayen da kake da su, irin pacman, galaga, 1942, ka jera su layi layi a fayil, ka kira shi tsaye.txt.

Maimakon manhajar zaɓen gem ta kira MAME kai tsaye, ta kira ƙaramin fayil na bat, wato jerin umarnin Windows. Shi zai nemi sunan a tsaye.txt da findstr /x /i. In ya samu ya aika harafin T zuwa Arduino ta layin COM, wato haɗinsa na USB, da echo T>COM3, ya jira daƙiƙa 4 da timeout, sannan ya tada gem ɗin. An fita, ya aika K ya koma kwance. Saurin layin ya zama ɗaya a ɓangarorin biyu, 9600 ya isa, a saita da umarnin mode. Arduino ya yi watsi da duk harafin da ba T ko K ba, domin echo yana ƙara alamar sabon layi a baya.

Ga inda za ka sha wahala in ba a gaya maka ba: Nano yana sake kunna kansa duk lokacin da aka buɗe layin COM, harafin kuma ya iso yana cikin farkawa, ya ɓace. Za ka ga fitila ta ƙifta, allo bai motsa ba. Sa kafasita 10µF tsakanin RESET da GND, ƙafa mai alamar ragi a GND. In za ka loda sabon umarni ka cire ta, ka mayar bayan ka gama. Kebul ɗin USB kuma ya zauna a rami guda, in ka canza rami lambar COM tana iya canzawa.

A cikin mame.ini, in allonka yana juyawa yadda hannun agogo ke tafiya, sa autorol 1. In akasin haka ne, autoror 1. Da wannan na 90 da na 270 duka za su fito kai a sama. Bar keepaspect a kunne. Allonka 5:4 ne, gem ɗin 4:3, za ka ga siririn baƙi na ɗigo 32 a gefe biyu, ba laifi ba ne.

Kafin ka kafa tokara, gwada wannan da hannu. Yawancin monitocin inci 19 na ofis gilashin TN ne, wanda ke yin duhu in an kalle shi daga ƙasa. In ka tsayar da shi, wancan ƙasan ya koma hagu ko dama, sai wanda ke tsaye a wannan gefen ya ga hoto ya dushe. Kunna Galaga, ka tsayar da monitar ta dama ka kalla daga inda mai wasa zai tsaya, ka sake tsayar da ita ta hagu, ka zaɓi wanda ya fi, domin shi zai nuna inda tokara da makunni za su zauna. In duka biyun ba su yi maka ba, ka zagaya wajen masu kwamfuta na hannu a titin Beirut ka tambayi inci 20 mai 1600 da 1200, irin HP LP2065 ko Dell 2007FP. Su 4:3 ne cif, gilashinsu ba ya dushewa daga gefe. Sun fi taka girma da nauyi, don haka ka tafi da tef, ka auna kusurwa zuwa kusurwa a shagon kafin ka sake yanka katakon.